Makomar shagunan gem a Jega, Aliero da Maiyama na hannun masu haɗa wasanni

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta gangara Maiyama bayan sallar la'asar, da wuya ya rasa cin karo da irin shagon nan: ɗan ɗaki ko rumfa, talabijin biyu ko uku a jikin bango, benci, ƙaramin janareto yana kuka a waje, ga samari sun yi cincirindo, biyu riƙe da fad, saura suna jiran layi suna gardama. Kusan ko da yaushe ƙwallon ƙafa ake bugawa, kuma kusan ko da yaushe na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin PlayStation ce ta kamfanin Sony.

Sana'a ce ƙarama, amma jari ne na gaske. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya kwashi adashi ya buɗe wa ƙanensa, wani ɗan kasuwa ne ya ware ribar albasa ya ɗora ɗansa a kai. Yanzu masu irin waɗannan shaguna sun iso wata mararraba. Na'urar da akasarinsu suka dogara da ita, wato PS4, ta haura shekara 12 da fitowa. Magajiyarta, PS5, ta yi tsada. Abokiyar hamayyarta kuwa, Xbox ta kamfanin Microsoft, tana da samfurin da ya fi araha, sai dai kasuwarta na tangal-tangal a duniya. Abin da zai raba wannan gardama yana hannun wasu kamfanoni ne da ba su ƙera ko ɗaya daga cikin na'urorin ba, wato masu haɗa wasannin da ake bugawa a kansu.

Mai kasuwa da fatake

Na'urar wasan bidiyo tamkar filin kasuwa ce. Sony da Microsoft da Nintendo su ne masu fili. Suna da 'yan rumfunansu, wato wasannin da suke haɗawa da kansu, amma mafi yawan hajar da ke jan mutane ta baƙi ce: Electronic Arts, da aka fi sani da EA, mai wasan ƙwallon FIFA wanda ya koma EA Sports FC a 2023, Konami na Japan mai PES wanda ya koma eFootball a 2021, Rockstar mai GTA, da sauransu. Mai fili yana karɓar la'ada, bisa al'ada kashi 30 cikin 100 na abin da aka sayar ta shagonsa na intanet.

Mutumin Aliero ba ya bukatar dogon bayani a nan. Albasar garin ta yi suna ne domin fatake suna zuwa da manyan motoci su kwasa zuwa Kudu da maƙwabtan ƙasashe. Ranar da fatake suka ga wata kasuwa ta fi, suka karkata can, manomi ma zai bi su da buhunansa, kuma ragowar fataken da suka tsaya za su tarar da kaya sun yi ƙaranci, su ma su tashi. Haka abin yake a harkar na'urori. Kamfanin haɗa wasa yana kashe miliyoyin daloli da watanni masu yawa kafin ya daidaita wasa guda da wata na'ura, don haka yakan duba yawan mutanen da suka mallake ta. Mai saye kuma yakan duba yawan wasannin da ke kanta. Idan ɗaya ya fara ja da baya, ɗayan ma sai ya ja, kuma da zarar gangarar ta fara, tsayar da ita na da wuya.

An ga hakan ƙarara har sau biyu. Kamfanin Sega ya fito da Dreamcast a Japan a Nuwambar 1998, ya kai ta Amurka a Satumbar 1999. Masana sun yaba ta, amma EA ya ƙi sa mata ko wasa ɗaya, babu FIFA, babu Madden da Amurkawa ke so. PS2 na fitowa a shekarar 2000 sai kallo ya koma sama. A Janairun 2001 Sega ya sanar da daina ƙera ta, bayan sayar da abin da bai kai miliyan 10 ba, kuma daga nan kamfanin ya bar ƙera na'ura gaba ɗaya, ya koma haɗa wasanni yana kai wa waɗanda a da yake hamayya da su.

Na biyun ya fi ban mamaki. Nintendo ya sayar da na'urar Wii sama da miliyan 100, don haka da ya nuna magajiyarta Wii U a bikin baje kolin E3 na 2011, shugaban EA na lokacin, John Riccitiello, ya hau dandamali da kansa ya yi alƙawarin haɗin gwiwa mai ƙarfi. Na'urar ta fito a Nuwambar 2012, ciniki ya yi sanyi. A Fabrairun 2013 Ubisoft ya ɗage wasan Rayman Legends da aka tsara don ita kaɗai, domin ya kai shi sauran na'urori. A watan Mayu EA ya ce ba shi da wani wasa da yake haɗa mata. FIFA 13 shi ne na farko kuma na ƙarshe da ta samu. An daina ƙera ta a farkon 2017 da ciniki miliyan 13.56 kacal. Da Nintendo ya fito da Switch a Maris ɗin shekarar, jama'a suka yi rububi, sai ga EA ya dawo da FIFA 18 cikin 'yan watanni. Alƙawarin dandamali bai hana shi tafiya ba, tsohon saɓani kuma bai hana shi dawowa ba.

Ko wanda bai taɓa riƙe fad ba ya ɗanɗani irin wannan a aljihunsa. Wayoyin BlackBerry da na Nokia masu manhajar Windows ba su daina kira ko karɓa ba, amma da WhatsApp ya janye daga BlackBerry a ƙarshen 2017, ya kuma janye daga wayoyin Windows baki ɗaya a ƙarshen 2019, sai suka zama kayan da ko mai gyaran waya ba ya tayawa. Manhaja ɗaya ta wani kamfani daban ita ta yanke musu hukunci.

Halin da Xbox ke ciki

Microsoft ya daina bayyana adadin na'urorin da yake sayarwa tun 2015, amma shi da kansa ya faɗi matsayinsa. A shari'ar da ya yi da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka a 2023 kan sayen kamfanin Activision Blizzard, ya shaida wa kotu cewa Xbox ce ta uku bayan Sony da Nintendo, kuma rabonta a cinikin na'urori na 2021 kashi 16 ne cikin 100. A shekarar dai, Phil Spencer, wanda ke jagorantar sashen Xbox a lokacin, ya amsa cewa kashin da suka sha a zamanin Xbox One da PS4 ya zo a mafi munin lokaci, domin a zamanin ne mutane suka fara tara wasanninsu a asusun intanet, wanda kuma ya tara nasa a wajen Sony ba ya son barin su.

Alamomin da aka gani a kan Wii U sun ɗan leƙo. Baldur's Gate 3, wanda ya lashe kyautar gwarzon wasan 2023, ya isa PS5 a Satumba amma sai a Disamba ya isa Xbox, saboda wahalar daidaita shi da ƙaramar na'urar Series S. Black Myth: Wukong na ƙasar Sin ya fito a PS5 a Agustan 2024, masu Xbox suka jira shekara guda cur. Maganin da Microsoft ya nema shi ne sayen fataken da kansu. Ya sayi Bethesda a 2021, ya kammala sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty, a Oktoban 2023 kan dala biliyan 68.7. Sai dai jarin ya yi girman da masu Xbox kaɗai ba za su iya mayar da shi ba. A Fabrairun 2024 kamfanin ya sanar da kai wasanninsa huɗu na'urorin abokan hamayya. A 2025 Forza Horizon 5 da Gears of War suka bi sahu zuwa PS5, aka kuma sanar da cewa Halo, wasan da Xbox ta yi suna da shi tun 2001, shi ma zai je. Ba a kai matsayin Sega ba tukuna, amma hanyar ta yi kama.

Adalci a nan shi ne a ce EA da Konami ba su guji Xbox ba. EA Sports FC 26 da eFootball duk suna kanta, GTA VI ma an tsara mata shi. Mai shagon da ya ce ƙwallo kaɗai yake sayarwa, a takarda Series S za ta yi masa. Matsalar tana wani wuri da lissafin manyan kamfanoni ba ya kaiwa.

Masu riƙe da na'ura a nan gida

A garuruwa irin Jega, akwai wani rukuni na masu goyon bayan na'ura da ba su da ofis a Tokyo ko Kalifoniya. Akwai mai gyara da ya san yadda ake buɗe PS4 a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarta, a sake mata man sanyaya kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya kashe ta. Akwai mai sayar da fad na hannu da kayan gyaransa, waɗanda ke tasowa daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga Kano. Akwai mai loda wasanni a ma'ajiyar na'ura. Akwai kuma su kansu 'yan wasan, waɗanda yatsunsu suka saba da maɓallan Sony tun zamanin PS2, har ta kai sunan "PS" ya zama sunan sana'ar baki ɗaya. Duk wannan rukuni ya ginu ne a kan PlayStation. Wanda ya kawo Xbox Maiyama, ranar da ta tsaya, yana iya ɗaukarta har Sakkwato ko Kano kafin ya sami mai taɓa ta, kuma kowace rana da shago ya yi a rufe, samari sun koma shagon maƙwabci.

Ƙari a kan haka, Series S ba ta da wurin sa faifai. Kowane wasa sai an sauko da shi daga intanet, kuma wasan ƙwallo na zamani yana cin gigabait gommai, ban da sabuntawar da ke zuwa a kai a kai. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kusan kashi 50 cikin 100. Faifai na hannu ana iya sayensa, a yi musanya da shi, a sayar idan an matsu. Wasan da ke cikin asusun intanet ba ya sayuwa a kasuwar Jega. Tsarin Game Pass, wanda Microsoft ya ɗora fatansa a kai, biyan kuɗi ne wata-wata da kuɗin waje, kuma a Oktoban 2025 aka ɗaga babban matakinsa a Amurka zuwa dala 29.99. An tsara shi ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ba ya yankewa.

Wannan rukuni na gida yana da ƙarfin da ya kan tsawaita ran na'ura bayan manyan kamfanoni sun yi mata sallama. FIFA 14 da PES 2014 su ne wasannin ƙwallo na ƙarshe da PS2 ta samu, a 2013. PS3 kuwa ta tsaya a PES 2018 da FIFA 19. Duk da haka na'urorin biyu ba su ɓace daga ƙananan garuruwa da ƙauyuka ba, domin akwai masu sha'awa a ƙasashe daban-daban da ke ɗaukar tsohon PES su sauya masa 'yan wasa da riguna daidai da sabuwar kaka, masu loda wasa kuma su yaɗa shi. Yaro zai ga Victor Osimhen cikin rigar Galatasaray ko Ademola Lookman a kan na'urar da ta girme shi. Aikin ba ya da izinin masu wasan, kuma ana yin sa ne a kan na'urorin da aka buɗe wa kulle, abin da kamfanonin ke ɗauka keta haƙƙinsu. Amma gaskiyar kasuwa ita ce shi ya riƙe shaguna da yawa.

Kuskure ne mai shago ya ɗauka cewa wannan dabara za ta ci gaba da ceton sa har abada. Tsofaffin wasanni cikakku ne a faifai, ba su neman izinin kowa kafin su tashi. Sababbin an ɗaure su da intanet. eFootball kyauta ake saukar da shi, amma mafi yawan abin da ke cikinsa yana bukatar haɗuwa da kwamfutocin Konami. Ranar da kamfani ya ce ya daina kula da wata na'ura, babu mai gyaran da zai iya maye gurbinsa.

Agogon PS4

A nan ne lissafin ya fi shafar masu shago, domin na'urar da ke fuskantar janyewar masu haɗa wasa a zahiri ita ce wadda ke gabansu. PS4 ba ta gaza ba, an sayar da ita sama da miliyan 117, kuma wannan yawan ne ya sa kamfanoni suka daɗe ba su rabu da ita ba. Amma sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mortal Kombat 1 na 2023 bai zo mata ba. Tekken 8 na Janairun 2024 ma haka. PUBG ya rufe mata ƙofa a Nuwambar 2025. GTA VI, wanda ake sa ran zai ja mutane da yawa zuwa sababbin na'urori, ba a tsara shi don ita ba.

Saura ƙwallo. EA Sports FC 26, wanda ya fito a Satumbar 2025, ya zo wa PS4, kuma shi ne igiyar da ke riƙe da darajarta a kasuwar kayan hannu. Tarihin EA ya nuna yadda yake yi: ya ci gaba da ba PS2 wasa har shekara bakwai bayan fitowar PS3, ya ba PS3 har shekara biyar bayan fitowar PS4. PS5 ta fito a Nuwambar 2020, don haka FC 26 ya cika shekara biyar ɗin. Kamfanin yana bayyana jerin na'urorin da zai tallafa wa ne shekara-shekara, bai ɗaure kansa da wani dogon alƙawari ba. Wanda zai zuba kuɗi a PS4 uku ko huɗu a yau ya kamata ya yi lissafin mayar da jarinsa cikin gajeren lokaci, domin kakar da sabon wasa ya fito babu ita, samari za su fara tambayar inda ake buga sabon, kuma farashinta zai faɗi a hannunsa.

Hawa PS5 kuma ba abu ne na wasa ba. Ta fito a kan dala 499, kuma maimakon ta sauko kamar yadda na'urorin baya suka saba, sai Sony ya ɗaga ta zuwa kusan dala 550 a Amurka a Agustan 2025. Microsoft ma ya ɗaga nasa sau biyu a shekarar, har Series S da ta fito a dala 299 ta kai kusan 400, Series X kuma kusan 650. A farkon 2023 ana sayar da dala kusan naira 750 a kasuwar bayan fage, wato PS5 ta kama kimanin naira 375,000. Da dala ta koma wajen naira 1,500 a 2025, dala 550 ta zama naira 825,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 75,000 tun Oktoban 2024, wannan albashin wata 11 ne cif. Ga man janareto da ya ninka sau da yawa tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Sola na rage wannan nauyi, amma ita ma jari ce da ake biya tun farko. Kuɗin buga wasa ɗaya kuwa ba ya ɗaguwa yadda mai shago yake so, tunda abokan cinikinsa ɗalibai ne da 'yan acaɓa da yaran kasuwa.

Garuruwan uku ba za su ji abin daidai ba. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, ɗalibai kuma sun zo daga birane, sun san sabon wasa ranar da ya fito, don haka shagon da ke kusa da su shi zai fara jin matsin sauyawa, kuma shi zai fi saurin mayar da kuɗi, muddin ba a tafi hutu ko yajin aiki ba. Jega gari ne na fatauci tun ƙarni na 19, mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kaya da masu gyara sun fi samuwa. A Maiyama da ƙauyukanta, inda kuɗi ke shigowa da kaka, tsohuwar na'ura za ta daɗe tana ciyar da mai ita, kuma can ne PS4 ɗin da aka sauke daga sauran garuruwan za su ƙare, kamar yadda PS2 da PS3 suka yi a gabansu.

Akwai kuma abokin hamayyar da ya fi Xbox hatsari ga shagunan, yana cikin aljihun kowane saurayi. eFootball da Call of Duty da Free Fire duk suna kan wayar Android, mafi yawansu kyauta. Masu haɗa wasanni na Afirka ma can suka nufa. Maliyo Games na Legas, wanda aka kafa a 2012, wasannin waya yake yi, ciki har da wanda ya haɗa da kamfanin Disney kan shirin Iwájú a 2024. Shi kansa Sony, da ya tashi zuba jari a harkar wasanni a nahiyar a Janairun 2024, kamfanin Carry1st ya zaɓa, wanda ya yi ƙarfi a wasannin waya. Abin da shago ke sayarwa wanda waya ba ta da shi shi ne babban allo, da fad a hannu, da taron abokai da za su shaida wanda aka ci. Wannan yana da kasuwa har yanzu, amma sharaɗinsa shi ne wasan da ke kan allon ya kasance wanda ake yayi, da 'yan wasan da aka gani a gidan kallo daren jiya cikin rigunan da suka sa.

Kafin mai jari ya biya kuɗin kowace na'ura, abin da ya kamata ya bincika bai wuce uku ba: ko wasan ƙwallon kaka mai zuwa zai zo mata, ko tana karɓar faifai, da kuma ko akwai mai gyaranta tsakanin Jega da Birnin Kebbi. A halin yanzu Series S ta ci ta farko kaɗai, PS4 ta ci biyun ƙarshe tana jiran hukuncin EA a kan ta farko, PS5 mai faifai kuwa ta ci biyun farko, masu gyara suna koyon ta, kuma kuɗinta ya kusa albashin shekara.